Sharhi: ƙaramar bindigar hutar da dabba a Birtaniya, .32 mai harsashi ɗaya ko libarba mai biyu?

Dokin da ya karya ƙafa a filin sukuwa, barewar da mota ta take a bakin titi, saniyar da ta kwanta ta kasa tashi: a Birtaniya irin waɗannan ake kiran likitan dabbobi ko mai kwasar mushe ya zo ya hutar da su nan take. Ƙananan bindigogi iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu wannan aiki, .32 mai harsashi ɗaya da libarba .38 mai biyu (lambobin na nuna girman harsashi ne), kuma mun yi aiki da kowacce. Ga wanda aikinsa ya haɗa da manyan dabbobi, libarba .38 mai ɗaukar harsashi biyu ta fi, saboda harsashi na biyun da ke cikinta a shirye.

Kafin maganar ƙarfe akwai maganar takarda. Bayan harbin da aka yi a makarantar firamare ta Dunblane da ke Scotland a Maris na 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, dokokin 1997 suka hana farar hula mallakar ƙaramar bindiga a Ingila da Wales da Scotland. Duk wadda bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai santimita 60 ba, ta shiga haramcin. An dai bar ƙofa ga masu hutar da dabbobi, bisa sharaɗin da ake rubutawa a jikin lasisi cewa don wannan aiki kaɗai za a riƙe ta. 'Yan sandan yankinka ne ke ba da lasisin, na shekara biyar. Za su nemi mutum biyu da za su tsaya maka, da takardar likita kan lafiyarka, su zo gida su duba akwatin ƙarfen da ka kafe a bango. Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne hujjar buƙata. Cewa "wataƙila wata rana zan buƙata" ba ya wucewa. Ana son shaidar cewa ana kiranka wannan aiki a kai a kai, wasiƙa daga gonaki ko asibitin dabbobi, da takardar horo. Sai lasisi ya fito ɗauke da girman harsashin da aka amince maka sannan ka je wurin dillali mai rajista, ido da ido, ya rubuta lambar bindigar a jikin lasisin. Kada ka biya kuɗin kowace bindiga kafin nan, domin sau da yawa mutum ya nemi .38 a ba shi .32.

Ta .32 mai harsashi ɗaya, irin Cash ta kamfanin Accles & Shelvoke, don wannan aiki aka ƙera ta tun farko. Irin waɗannan bakinsu a karkace aka yanke shi, da kafofin da iskar albarushi ke fita, shi ya sa ake iya ɗora su a kan goshin dabba a harba. Ba nauyi, ba yawan ƙara, ba abin da zai lalace a ciki, kuma kwancewa da gogewa aikin minti kaɗan ne. A kan doki da tunkiya da ɗan maraƙi da barewa ta wadatar, domin ƙashin goshinsu ba kauri. Iyakarta biyu ce. Ƙarfin harsashin .32 yana kusa da jul 200 (jul ma'aunin ƙarfi ne), wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Humane Slaughter Association, ƙungiyar Birtaniya mai fafutukar rage wa dabbobi wahala wajen yanka, ke ba da shawara, don haka a kan tsohon bijimi ko ƙaton alade ba ka da rara. Sannan idan harbi na farko bai yi ba, sai ka buɗe, ka cire kwanso, ka laluba aljihu, ka sa wani, yatsu a daskare da sanyi, dabba tana shure-shure a gabanka. Waɗannan daƙiƙoƙi azaba ce gare ta, kuma a cikinsu ne mutane ke samun rauni.

Libarbar da ake sayarwa don wannan aiki ta kasuwa ce, ƙirar Smith & Wesson ko Ruger ko Taurus, mai rami shida a gangarta, sai maƙerin bindiga ya toshe huɗu ya bar biyu a jere, kamar yadda 'yan sanda suka saba sharɗantawa. Muna ba da shawarar a nemi ta .357 Magnum idan lasisi ya yarda, domin tana cin harsashin .38 Special ma, amma ta .38 ba ta cin na .357. A yawancin aiki .38 ɗin za ka sa. Mai bututu inci huɗu ta fi zama a hannu, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. A zaɓi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda jini yana cinye baƙin launin bindiga cikin ɗan lokaci, ga ruwan saman ƙasar da ba ya ɗaukewa.

Toshe ramuka huɗun nan yana zuwa da tarko, kuma dillalai ba kasafai suke faɗa ba. Ganga tana juyawa mataki ɗaya kafin guduma ta sauka. Idan ka rufe ta da harsashin farko daidai saitin bututu, jan kunama na farko zai tsallake shi ya harba na biyu, ja na gaba kuma ya sauka a kan toshe, ka ji ƙas, babu komai. A Smith & Wesson da Ruger, idan kana kallo daga baya, ganga tana juyawa ne zuwa hagu, saboda haka ramin da aka toshe ake sa wa a saitin bututu, harsashin farko yana maƙwabtaka da shi ta dama. A libarbar kamfanin Colt kuwa akasin haka take juyawa. A yi wa gangar alama da ɗigon fenti, a kuma maimaita rufewar da kwanson gwaji marar albarushi har hannu ya saba yi a cikin duhu. Wani abin kuma, libarba ba a manna bakinta a goshi. A bar tazarar kamar santimita 5 zuwa 25, in ba haka ba iska ba ta da mafita, bututu na iya fashewa. A kiyaye yatsu daga tsagin da ke tsakanin ganga da bututu, wuta na fita ta nan.

Harsashi kuwa a nemi na dalma zalla mai zagayayyen kai. Na .38 Special mai giram 10 yana ba da kusan jul 270, yana huda ƙashi sannan ya baje a ciki ya tsaya. Mai rigar tagulla yakan ratsa ya fita ya ci gaba da tafiya, mai rami a kai kuma yakan baje tun a kan ƙashi mai kauri bai kai ƙwaƙwalwa ba. Cikakken .357 ya ninka .38 ƙarfi fiye da sau biyu, a ajiye shi don bijimai da manyan aladu, kuma a fili kawai.

Kowace ka saya, gurbin harbi shi ne aikin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne harbi tsakanin idanu. Nan ya yi ƙasa, harsashi kogon hanci zai shiga, dabba ta sha wahala ba ta mutu ba. A saniya, ka ja layi biyu a zuciyarka daga kowane ido zuwa gindin ƙahon ɗaya gefen, inda suka gicciye nan ne. A doki layin daga ido ne zuwa gindin kunnen ɗaya gefen, sai ka hau kamar santimita 2 sama da magamar. Alade, santimita 2 sama da layin idanu, a tsakiya, ana saita wutsiya. Tunkiya marar ƙaho, tsakiyar kai a wuri mafi tudu. Rago mai manyan ƙaho da akuya ta bayan gindin ƙahonin ake bi, ana saita haɓa. A duka, ana son harsashi ya kai gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke sarrafa numfashi, ya kuma ƙare a cikin jiki.

Idan harbi ya yi, dabba tana zubewa nan take, numfashi ya tsaya, ido ya kafe, ko ka taɓa ƙwayarsa ba zai ƙifta ba. Bayan ɗan lokaci ƙafafu na iya shure-shure da ƙarfi, jini ya fito ta hanci, wannan ba alamar rai ba ce, amma a gaya wa mai dabba tun kafin a fara don kada hankalinsa ya tashi. In ka ga numfashi yana kai da komo ko ido yana motsi, ka sake harbi ba jira, ɗan sama da ramin farko kuma gefe kaɗan. Doki yakan faɗo gaba, kada a tsaya daidai ƙirjinsa. Mai riƙe igiya ya kasance a bayan mai harbi, ba kowa a bayan dabba, kuma a guji daɓen siminti da bango, harsashi yana dawowa daga kansu. Ƙasa mai laushi ko damin ciyawa a baya shi ne daidai.

Manomin da sau ɗaya a shekara abin ke kama shi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Bindigar farauta mai lamba 12 ko 20, da ƙananan dalma masu lamba 4 zuwa 6, daga tazarar da aka ambata, tana yin aikin da kyau kuma hatsarin ratsawa kaɗan ne. Akwai kuma mai harba sandar ƙarfe ta koma ciki, wadda Birtaniya ta daina neman lasisi a kanta tun 1998, sai dai ita sumarwa take yi, dole a bi da yanka nan da nan.

A Najeriya lissafin daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa, mai sandar ƙarfen kuma tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Saniyar da ta karye a wajenmu wuƙa mai kaifi ake sa mata da bisimilla a ci naman, domin wadda harsashi ya kashe a ɗaure mushe ce. Doki da jaki da kare su ne ke kwana cikin ciwo a gefen hanya, kuma abin da ya dace da su shi ne a kira likitan dabbobi ya yi musu allurar hutarwa.