Fas ɗin Eurail ko tikiti ɗai-ɗai: wanne ya fi wa mai tashi daga Kaduna?

Duk wanda ya saba hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya san tikiti ɗaya ne ke shigar da shi, kuma a jikinsa zai ga lambar tarago da ta kujera. Da wannan sabo ne ƙanena ya tafi Turai bara, da fas a wayarsa, wato tikiti guda da ake hawa jiragen ƙasa na ƙasashe da yawa da shi, yana ganin ya gama biyan komai. Wata Juma'a cikin Yuli sai ga kiransa daga tasha a Faris: "Yaya, wai fas ɗina lafiyarsa ƙalau, amma babu kujera sai jibi." Ga shi ya riga ya biya otal a Holan. Haka ya bi ƙananan jirage yana sauka yana hawa, tafiyar awa uku da 'yan mintuna ta cinye masa yini. Laifinmu ne mu biyu, ba mu karanta sharuɗɗan ba.

Fas ɗin iri biyu ne, kuma wurin zamanka ake dubawa. Mazaunin Najeriya Eurail zai saya. Ɗanmu da ke karatu a Jamus da takardar zama, Interrail ne nasa. Babban fas ɗin yana aiki a ƙasashe 33. Akwai mai ƙirga ranakun da ka hau jirgi kawai: kwana 4, 5 ko 7 cikin wata ɗaya, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu. Akwai kuma wanda da zarar ka kunna shi lissafi ya fara, ko ka hau ko kana kwance a masauki, daga kwana 15 har zuwa wata uku. Wannan na biyun na matasa masu jakar goyo ne da ke kwana yau nan gobe can. Mai iyali da zai yi kwana uku a kowane gari asarar kuɗi zai yi da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin kama kujera, kuma da shi ya kamata a auna komai. A Faransa da Italiya da Sifaniya, jirage masu gudu ba sa ɗaukar mai fas sai ya kama kujera ya biya daban. TGV na cikin Faransa kan ci Yuro 10 ko 20, Frecciarossa na Italiya wajen 13, Eurostar mai zuwa Landan, Beljiyam da Holan kuwa wajen 30 ko fiye. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya kama ƙanena shi ne a wasu layukan kujerun da aka ware wa masu fas ƙidayayyu ne, jirgi na iya zama da wuri ga mai sayen cikakken tikiti alhali kason masu fas ya ƙare. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina, su makarantunsu na hutu, kowa ya fito. Jiragen Italo na Italiya da Ouigo na Faransa kuwa ba su san da fas ɗin ba sam.

Jamus, Ostiriya, Siwizalan, Holan da Beljiyam wata duniya ce daban. Yawancin jiragensu sai dai ka shigar da tafiyar a manhajar Rail Planner, ka hau, ka nemi wurin da babu kowa ka zauna. Ka makara, ka jira na gaba. A nan fas ke nuna amfaninsa, musamman a Siwizalan inda tikitin ranar tafiya ke da ɗan karen tsada. Sai dai a kula, a watannin zafi wasu jiragen da ke tsallaka iyakar Jamus su ma sukan wajabta kama kujera, kuma jiragen hawa ƙololuwar duwatsu irin na Jungfraujoch rangwame kawai mai fas ke samu.

To ina tikiti ɗai-ɗai? Kamfanonin jiragen Turai suna sayar da tikiti kamar na jirgin sama: wanda ya saya da wuri ya samu da araha, amma an ɗaure shi da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya. Lissafin da nake yi mai sauƙi ne. In raba kuɗin fas da yawan ranakunsa, in ɗora kuɗin kujera a kai, sannan in buɗe shafin kamfanin in ga nawa tikitin wannan tafiyar yake a ranar da nake so. Fas na kwana huɗu ga babba a aji na biyu yana kusa da Yuro 300, wato rana guda ta tashi wajen 70. Wanda duk tafiyarsa Rum zuwa Fulorans ce, awa ɗaya da rabi, sai Benis, ba zai taɓa cin wannan kuɗin ba. Ya sayi tikitinsa kawai.

Matsalarmu mu 'yan Najeriya ita ce biza, kuma ita ce ke karkatar da ni wajen fas. Tikiti mai araha sai an saya makonni kafin tafiya, galibi ba a mayar da kuɗinsa, mu kuwa fasfo na iya dawowa daga ofishin jakadanci saura kwana goma. Fas na waya yana ba ka wata 11 kafin ka kunna shi, don haka jinkirin biza ba ya ƙona shi. Amma kada ƙasashe 33 ɗin nan su ruɗe ka. Bizar Shengen ƙasashe 29 take buɗewa, kuma babu Birtaniya, babu Ireland, babu Turkiyya a ciki, duk da cewa fas yana aiki a can. Jirgin Landan ana duba fasfo tun kafin a hau. Kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka nema, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

Masu iyali su duba rangwame da kyau, domin shi kaɗai kan sauya lissafin. Yara 'yan shekara 4 zuwa 11 fas ɗinsu kyauta ne, har biyu ga kowane babba, kuɗin kujera kawai za a biya musu. Wanda bai wuce 27 ba yana da ragi, haka ma dattijon da ya kai 60.

Jirgin dare, irin Nightjet na Ostiriya, ranar tashi kaɗai yake ci a fas, kuma ya ɗauke maka kuɗin otal na dare guda. Gadon kwana dai kuɗinsa daban, kuma a Yuli yana ƙarewa tun da wuri. Hajiyar da ke tafiya ita kaɗai ta nemi ɗakin mata zalla lokacin kama wuri, akwai shi.

Bana da ƙanen nawa zai koma, kwana 7 cikin wata ɗaya muka saya masa, muka zana hanyar ta Jamus, Ostiriya, Hangari da Siwizalan. Faris muka bar ta a ƙarshe, da kujerar da aka kama ranar da biza ta fito. Na kuma ce ya sauke jadawalin salla na can, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen goma na dare.