Richard Pryor ko Eddie Murphy: wa za ka fara kallo?

In kana son sanin barkwancin baƙaƙen fatar Amurka, waɗannan biyun ne ƙofa, amma ba ɗaki ɗaya suke kai mutum ba.

Pryor, haifaffen garin Peoria na jihar Illinois a 1940, ya tashi a gidan karuwai da kakarsa ke riƙe da shi. Daga can ya ɗebo mutanensa: mashayi, ɗan caca, ɗan sandan da ke tare baƙar fata ba dalili. A 1980 wuta ta ƙone shi sosai, ya warke, ya hau dandamali ya mai da ƙunar abin dariya. Kana dariya gabanka na faɗuwa. Shi aka fara bai wa kyautar Mark Twain ta barkwanci, a 1998.

Murphy kuwa gwanin sauya murya ne. Yana ɗan shekara 19 ya shiga shirin barkwanci na talabijin mai suna Saturday Night Live, daga nan sai Hollywood, inda yakan fito a mutane da dama cikin fim ɗaya. Kyautar ta iso gare shi a 2015.

Ni dai Pryor zan fara miƙa maka. Sai dai bakinsa ba linzami, kada ka kunna yara na zaune.