Ruwan Wikki a Yankari: Ya Cancanci Tafiyar, In An Je Da Shiri

Mai shirin zuwa gandun namun daji na Yankari ya dawo a yini ɗaya, ya sani rabin kuɗinsa kawai zai ci. Daga Bauchi za ka bi hanyar Gombe, ka karkata a Dindima, ka yi kusan kilomita 29 zuwa ƙofar shiga a Mainamaji da ke ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar kuma akwai sauran kusan kilomita 42 cikin daji kafin sansanin Wikki. Wannan tazarar ta biyu ce mutane ke mantawa, sai su iso rana ta take, dabbobi duk sun shige inuwa. A cika tanki tun daga gari, a kuma riƙe tsabar kuɗi.

Maɓulɓular Wikki ita ce abin zuwa. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau kamar madubi, kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, shi ya sa da asubar hunturu yake yin ɗumi, da azahar ɗin bazara kuma ya yi sanyi a jiki. Faɗinsa kusan mita 13, zurfinsa ta wajen dutsen ya kusa mita 2. To nan ne matsalar: tsabtar ruwan tana ɓoye zurfinsa, ido sai ya ga kamar bai wuce ƙugu ba. Wanda bai iya iyo ba, da yara, su tsaya ta ƙasa inda ruwan ke gangarawa zuwa kogin Gaji. Matakalar sauka tana da tsayi, dattijo ya bi a hankali. Iyalin da ke son sakewa su je da sassafe a tsakiyar mako, ba ranar yawon sallah ba.

Gwaggon biri kuwa ba wasa. Ya san leda, ya san ƙarar murfin kula, yana iya tura ƙofar da ba a kulle ba. Kada a ba shi komai, don wanda ya saba da karɓa shi ne ke fizge.

Zagayen kallon dabbobi ana yin sa ne da mota da ɗan rakiya, safe ko la'asar. Daga Janairu zuwa Afrilu ya fi, lokacin ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta kora ɓauna da gwanki da gwambaza bakin Gaji. Giwa sai an dace, gandun ya haura murabba'in kilomita 2,200. A sa riga mai dogon hannu, ban da baƙa ko shuɗiya, su ke jan ƙudan tsando.

Ɓangaren da baƙi suka fi yi wa rowar lokaci shi ne na tarihi, alhali mutane sun rayu a dajin nan tun kafin a keɓe shi a 1956. Akwai kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da tsoffin murahun narkar da tama na Shau Shau. Ba lallai zagayen yau da kullum ya bi ta nan ba, sai ka faɗa wa ɗan rakiya tun da daddare, ku daidaita farashi kafin a tada mota.