Ofishin da ya zana min gida ya kuma zaunar da ni ya koya min karanta fulan: ribarsu da aibinsu

Ofishin ba wani babba ba ne, akitek ɗaya ne mai rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista, sai yara biyu da ke zama gaban kwamfuta, injiniyan da ke lissafin rodi kuma ba nasu ba ne, daga waje suke kiransa in aiki ya taso. Su na ba aikin zanen gidan da nake ginawa a bayan gari nan Kano, bene hawa ɗaya a fuloti 50 ba 100. In maki ne zan ba su huɗu cikin biyar, kuma gaskiya ba dan kyan zanen ba, zane kam ko'ina ana yi, akwai yaran da za su zana maka a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba shi ne mutumin bai miƙo min takardu ya ce Allah ya sa albarka ba, cewa ya yi sai na zo mun zauna ya nuna min yadda ake karanta su, kuma in taho da birkilan da zai yi aikin.

Takardun da yawa fa. Akwai na fili wanda ya nuna inda gidan zai zauna cikin fulotin da tazarar da aka bari daga titi da katangar maƙwabta, akwai fulan, wato tsarin ɗakuna, na ƙasa da na sama, akwai na fuskokin gidan guda huɗu, akwai na yanka, na rufi, jerin ƙofofi da tagogi, sannan na rodi da na wuta da na ruwa. Yawancinmu wanda muke kallo guda ɗaya ne, hoton nan mai kala na tiridi da ake sa mota a gaba da shukoki, shi muke turawa a WhatsApp 'yan uwa su yi ta ma sha Allah. Shi kuwa akitek ɗin ture shi gefe ya yi ya ce min Alhaji wannan na talla ne, ba a gini da shi.

Da sikeli ya fara. A ƙasan takardar an rubuta 1:100, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, wasu shafukan da aka faɗaɗa kamar na matattakala da banɗaki kuma 1:50 ne ko 1:20. Amma ya ja kunnena kar in kuskura in ɗora rula a kan takarda in ce na auna, musamman in an kai bizines santa an rage zanen ya koma A3 ko A4, dan da zarar an rage shi sikelin ya tashi daga aiki, lambar da aka rubuta ita ce doka. To lambobin nan kuma duk milimita ne, kuma nan ne rigimar take, mu da ƙafa muka saba, birkila da ƙafa yake tunani, mai filin ma da ƙafa ya sayar min. Ka ga an rubuta 3600 a kan ɗaki ka rasa babba ne ko ƙarami. Dabarar da ya ba ni mai sauƙi ce, ka raba da 300 za ka samu ƙafa kusan daidai, 3600 ƙafa 12 ke nan saura kaɗan, 4500 wajen ƙafa 15, 900 ƙafa 3 wato faɗin ƙofar ɗaki. Wallahi daga nan takardar ta fara yi min magana.

Sai kuma abin da ban taɓa jin wani ya faɗa ba, cewa ka duba daga ina zuwa ina layin awon ya tashi. Wani awon daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango ne, wani kuma cikin ɗaki ne zalla. Bulo mai inci 9 kaurinsa 225, mai inci 6 kuma 150, saboda haka in an rubuta 3600 tsakiya zuwa tsakiya kuma bangwayen biyu inci 9 ne, ainihin abin da za ka samu a ciki 3375 ne, kafin ma a yi fulasta ta sake cin nata. A falo ba za ka ji ba, amma a kicin ko banɗaki wannan ɗan bambancin shi ke sa firij ya ƙi shiga lungun da aka tanadar masa. Ya ɗauko tef ya shimfiɗa a ƙasan ofishin ya ce ga girman ɗakin Hajiya mahaifiyata kamar yadda aka zana, in tsaya a ciki in gani, gado nan, wadrob nan, to ina za ta shimfiɗa sallaya? A nan take muka ƙara wa ɗakin faɗi muka rage sito, a takarda, kyauta. Da sai da bulo ya kai linta na gane, da guduma za a gyara.

Alamomin ƙanana ya bi su da sauri. Layi mai lanƙwasa a bakin ƙofa yana nuna ɓangaren da za ta buɗe, ɗigo-ɗigon layi abin da ke sama ne ko wanda ba a gani, D1 D2 W1 W2 kuma ka je shafin jerin ƙofofi da tagogi ka ga girman kowacce da adadinta, shi za ka kai wa mai walda ko mai almuniyam ba ka tsaya kana kwatance da hannu ba.

Inda muka daɗe shi ne kibiyar arewa, 'yar alamar nan da ke kusurwar zanen fili wadda ba wanda ke kula ta. Da ita ya nuna min me ya sa bai sa manyan tagogi a bangon yamma ba, ya mayar da matattakala da sito can su sha ranar la'asar, ɗakunan kwana kuma ya ba su taga ta kudu da arewa, wanda ya san zafin Afrilu a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya kuma faɗaɗa bakin rufin ta gabas saboda hadarinmu yawanci ta nan yake tasowa da iska. Sannan alƙibla, daga Kano gabas ce da karkata zuwa arewa, ya juya mazaunin masai a duk banɗakunan yadda mutum ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba, kuma ban roƙe shi ba, da kansa ya yi. Haka ma ƙofar falon baƙi, ya ware ta yadda baƙo namiji zai shigo ya yi alwala ya fita bai hango tsakar gida ba. Irin zanen da ake saukewa a intanet na gidajen Turai ba ruwansa da duk wannan, ka shigo ƙofa sai ka ganka a kicin ɗin matar gida.

Zanen yanka ne ya ɗan ba ni wuya. A kan fulan akwai layi da aka ja aka sa A a kowane ƙarshe da kibiya, ashe ma'anarsa a ɗauka an datse gidan daga sama har ƙasa kamar yadda ake yanka kankana, kana tsaye kana kallon cikin ta inda kibiyar ta nuna. A nan kaɗai za ka ga tsayi, zurfin fandisho, inda difisi (DPC, shimfiɗar da ke tare danshi a kan fandisho) yake a kan ƙasar waje, ƙasan taga a 900, linta a 2100, kaurin dekin 150, silin a 3000. Na ce masa Malam me zai hana a rage tsayin a huta da layin bulo ɗaya, ya ce ana iyawa amma in tuna za a rataya fanka kuma ɗaki gajere ya fi riƙe zafi, ya bar min zaɓi, na bar shi yadda yake.

Yanzu na rodi, wanda shi ne ran ginin. Shafukan nan cike suke da rubutu irin 4Y16 da Y10 @ 200 c/c da Y12 @ 200 B, kai ka ce lambar mota. Injiniyan ya warware min a tsaye: 4Y16 rodi huɗu ne masu milimita 16 a cikin fila wato ginshiƙi, Y10 @ 200 ring ne, zoben da ke zagaye su, na rodi mai 10 a jera su tazarar milimita 200 tsakani, B na ƙasan dekin, T na sama, kuma na saman da ke kan bim da bakin baranda kar a bari a tattake su su kwanta ranar zuba kankare. Ya yi maganar kwaɓi 1:2:4, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, da biskit ɗin da ake sawa a ƙarƙashin rodi dan kankare ya lulluɓe shi kar ya yi tsatsa. Amfanin wannan na gan shi da idona a sayit. Na je da yamma na tarar mai ɗaurin rodi ya ɗaure filoli, ring ɗin yana jera su da taƙin hannunsa, na sa tef na ga wasu sun haura 300. Na buɗe takarda na ce masa Oga duba nan, 200 aka rubuta. Ya yi dariya ya ce ranka ya daɗe haka muke yi tun kafin a haifi mai zanen nan, na ce na yarda amma wannan karon mu bi takarda, in ring ya ƙare ni zan saya. Ya kwance ya sake, ba faɗa ba ɗaga murya, dan ba ra'ayina nake gaya masa ba, lamba ce ga ta a rubuce. Shi ma birkilan nawa, dattijo ne da nake ce wa Baba, da farko ya ɗauki zaman ofishin raini ne, amma yanzu shi ke naɗe takardar a leda yana ajiye ta a ɗakin maigadi.

To ga inda suka ba ni haushi.

Na farko jinkiri. Zanen akitek ya fito da wuri amma na rodi sai da na yi ta sintiri, kullum injiniya ya yi tafiya, alhali ba za ka kai fayil KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, neman izinin bene ba sai da shi ɗauke da hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa. Kuma ba su faɗa min tun farko cewa kuɗinsa daban ba ne, sai da aka zo wajen.

Na biyu ya fi ci min rai. Bayan mun faɗaɗa ɗakin Hajiya sun gyara fulan sun sa masa B, alamar sabon da aka gyara, a ɗan akwatin da ke kusurwar takarda inda ake rubuta sunan aiki da kwanan wata, amma yaron ofishin ya tura wa injiniya tsohon mai A, sai fila ɗaya ta fito a daidai inda taga take a sabon. Allah ya sa Baba ya lura lokacin da ake ja igiya ana kafa fegi, ba a kai ga haƙa ba. Sun ba da haƙuri sun gyara ba su karɓi ko sisi ba, amma wannan kuskuren ofishi ne tsantsa, shi ya sa duk takardar da aka miƙo min yanzu akwatin nan nake fara dubawa, in harafin bai zo ɗaya da sauran ba na mayar.

Zanen wuta kuwa sai a hankali, da ka gani ka san daga wani gidan aka kwaso aka liƙa. Soket biyu a kicin gaba ɗaya, ba wurin inbata da batura, ba a raba layin sola da na NEPA ba, a wannan zamanin, a Kano! Sai da na zauna da mai wayarin ɗina muka yi ta ƙari da biro. Na ruwa ma sun sa sokawe a ɓangare ɗaya da inda na ce zan haƙa bohol, na yi magana suka mayar da shi ɗaya ƙarshen fulotin, amma ai bai kamata a ce ni ne zan tuna musu ba.

Kuɗinsu ba arha, kuma zuwa duba aiki a sayit kowane zuwa da kuɗinsa, ka san da wannan kafin ka sa hannu. Lissafin kaya ma ba ya ciki, wato takardar da ke faɗa maka buhun siminti nawa rodi nawa bulo nawa, sai ka nemi mai kiyasin gini daban, duk da akitek ɗin ya ba ni ƙiyasin da nake kama birkila da shi, cewa bulo kusan 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya na bango, rodi kuma tsawon mita 12 yake zuwa, ka iya lissafa fila nawa sanda ɗaya za ta yi.

In ɗaki biyu da falo za ka yi a ƙauye ko shago, ban ga dalilin da zai kai ka wurinsu ba, kuɗin zai yi maka nauyi. Amma in bene ne, ko kuma kana zaune a Abuja ko Saudiyya kana turo kuɗi wani ke tsaya maka, ka je, kuma ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa zaman bayanin yana ciki, da ranar da na rodi zai fito, da kwafi biyu manya da aka buga bayan PDF ɗin da za su turo maka a waya. Ka tafi da birkilanka da wanda zai tsaya maka a sayit, in da hali har da uwargida, dan tambayoyin da tawa ta yi a kan kicin da wurin shanya ko ɗaya bai zo min a rai ba. Mu yanzu muna kan katakon dekin, kuma har yau ina jiran su turo min gyararren zanen ruwa na saman kafin a zuba, dan fayif ɗin banɗakunan sama dole a bar musu hanya tun ba a zuba kankare ba.