Tatu a hannu: a bar shi, a rufe, ko a goge?

Ƙanena, na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka ba ka yawanci faɗa ne, alhali kai ka riga ka yi nadama. Ka ce lokacin da kake ci-rani a Legas aka zana maka sunan wata yarinya da baƙar tawada tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Yanzu ka dawo Sakkwato, an sa maka rana da wata, kullum kana cikin riga mai dogon hannu, in ka zo alwala a masallaci sai ka raɓe gefe kafin ka naɗe hannun riga. Kana so ka san wanne ya fi: bari, rufewa ko gogewa.

Kafin komai, don Allah kada ka taɓa wurin nan da ruwan batir, ko soda, ko dutsen guga, ko ka yi ta dirza da gishiri. Allurar mai zane ba a saman fata take barin tawada ba, can ƙasa take kai ta, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ta su riƙe. Duk abin da zai kai wannan zurfin daga waje sai ya cinye fatar da ke sama. Na ga hannun wani matashi da ya yi haka: wurin ya warke ya yi tudu, yana sheƙi, yana masa ƙaiƙayi in ya yi gumi, kuma haruffa biyu na nan ana karantawa a gefen tabon. Mayukan da ake tallatawa a intanet wai suna goge tatu ba sa kaiwa inda tawadar take.

Rufewa iri biyu ce. Akwai a ɗora wani zanen a kan tsohon, wanda ni ban ba ka shawararsa ba ko kaɗan. Sabon zanen dole ya fi tsohon girma da duhu kafin ya ɓoye shi, tawada ta ninku, in wata rana ka so gogewa aikin ya ƙaru. Ga shi kuma sabon tatu ne, kuma hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim kan la'antar mai yin zanen da wanda ake yi wa bai ware na rufewa ba. Ɗaya rufewar ita ce ta wucin gadi, da tufafi ko hoda mai kauri kalar fata. Wannan ba ta da illa, sai dai a zafin Afrilu na garin nan, da yakan haura digiri 40, hodar ba ta kai azahar. Mata kan rufe da lalle, yana yin mako biyu ko uku. A dai kiyayi baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, PPD, don yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa.

Gogewa ta gaskiya a hannun likita take. In zanen ƙarami ne, ana iya yanke shi a ɗinke, a gama a zama ɗaya, tabon ɗinki ya maye gurbinsa. Na biyu ita ce na'urar leza: haskenta na farfasa tawadar ta zama ƙanana, jiki ya riƙa kwashe ta a hankali. Zafinta kamar a riƙa tsinka maka roba a fata ne, wurin ya yi fari fat na 'yan mintuna, daga baya ya kumbura. Akan bar mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma sau da yawa sai an yi zama 6 zuwa 10 ko fiye, wato ka ƙaddara shekara guda ko sama da haka. Kowane zama da kuɗinsa, kuma galibin masu na'urar asibitocin kuɗi ne a manyan birane irin Abuja da Legas, ka haɗa da kuɗin mota. Ka yi sa'a a abu ɗaya: baƙar tawada ta fi kowace saurin fita, kore da rawaya su ne masu taurin kai.

Sai dai mu masu baƙar fata muna da namu lissafin. Hasken na iya kama launin fatarmu tare da tawadar, wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu, shi ya sa likitocin fata suka fi amfani da lezar Nd:YAG mai lamba 1064 a kanmu. Kuma tabon nan mai tasowa ya yi tudu, keloyid, ya fi yawa a cikinmu. In ka san kana da shi, ko a gidanku akwai wadda hujin kunne ya zame mata ƙullutu, to yanka da leza duka sai an yi taka-tsantsan.

Bari kuwa, mutane na ɗaukarsa kamar ci gaba da laifi ne, kuma ba haka malamai suka ce ba. Imam Nawawi ya ce a cire in za a iya, amma in ana tsoron lalacewar gaɓa ko mummunan tabo a wurin da ake gani, cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. A Malikiyyarmu, Nafrawi mai sharhin Risala ya ce ba a tilasta wa mai shi ya cire da wuta, kuma sallarsa ta inganta. Alwala ma ba matsala, tunda tawadar na ƙarƙashin fata, ba ta tare ruwa. Ka je ka zauna da malamin unguwarku ka ji da kunnenka, zuciyarka za ta fi natsuwa. Inda bari ke da tsada shi ne wajen aiki, don sojan Najeriya na sa rashin tatu cikin sharuɗɗan ɗaukar sababbin sojoji. Sai kuma gida: sunan mace ne a hannunka, ba abin da za ka ɓoye wa matar aure ba ne. Gara ta ji daga bakinka tun kafin ɗaurin aure, ta ji kuma abin da ka shirya yi a kai.

In ni ce kai, zan bar shi yanzu, in tuba, in gaya mata, in fara tara kuɗin leza ba tare da na ci bashi ba. Ka fara da ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya duba irin fatarka, ya gaya maka inda ya dace ka je. Duk inda aka tura ka, ka tambayi sunan na'urar, ka nemi su gwada a ɗan wuri kaɗan su jira makonni su ga yadda ya warke kafin su bi sauran. Wurin da aka yi wa leza ba ya son rana, don haka ka sa zaman farko ya faɗo lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu.