Ruwan sha ga dakaru a fagen daga: gora, tanka ko injin tacewa?

Kafin jami'in sayen kaya ya sa hannu a kwangilar ruwa, ya zauna ya yi lissafi tukuna. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Rundunar da ke da dakaru 500 a wuri mai zafi, in aka ware wa kowa lita 15 a rana, tan bakwai da rabi ke nan kullum, ban da na girki da wanka da asibiti. Wannan nauyin za a duba kafin farashin da ɗan kwangila ya rubuta.

Ruwan gora ya fi komai sauƙi. A jefa katan a mota, a raba, kowa ya sha ba gardama. Sai dai kowace gora hanya za ta biyo, kuma a hanya ake dasa bam da yin kwanton ɓauna. Sojojin Amurka sun ji a jikinsu a Iraƙi da Afganistan, inda ayarin motocin mai da ruwa suka sha hari. Ruwan gora ya yi wa makonnin farko, amma ba abin dogaro ba ne in zama ya yi tsawo.

Tanka da jarka sun fi araha. Jarkar nan mai lita 20, wadda Jamusawa suka ƙera a shekarun 1930, har yau ba ta da na biyu wajen kai ruwa bakin ramin da dakaru ke fakewa. Amma a leƙa cikin tankin da tocila: tsatsa ko warin dizal, a mayar wa mai shi. Kulorin ma, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, zafi na cinye shi, dole a riƙa aunawa.

Injin tacewa ne ya fi ruɗar masu saye, domin iri biyu ne. Ɗaya laka da ƙwayoyin cuta kawai yake cirewa. Ɗayan yana matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi har gishiri ya rabu, kuma shi kaɗai ke maganin ruwan zartsi. Ga shi da shan mai, yana zubar da wani kaso na ruwan, matatar kuma ba ta jure ruwan taɓo sai an fara tace shi. Ni dai ba na sauraron bayanin dillali sai ya faɗa mini matata nawa zai haɗo da su, wa zai gyara in ya tsaya da tsakar dare, da ko zai shiga kwantena mai ƙafa 20. Sannan a ɗebo ruwan rijiya ko kogin da za a yi sansani a kusa da shi, a gwada injin a gaban idona.