Garin fenti ko jan farce: wanne ya fi zama a kan dalmar ƙugiya?

Wani ɗan'uwa ya ce yana zuba dalma a kan ƙugiyar kamun kifi da hannunsa, amma jan farcen da yake shafa mata ba ya daɗewa a ruwa, har yana tunanin ko ya koma garin fenti: ga yadda suke idan an jera su.

Jan farce dai arha ne, kowane shagon kayan kwalliya akwai shi, launi kuma sai ka zaɓa ka darje. Sai dai bushewa kawai yake yi ya kwanta a kan dalma, ba ya kama ta. Da ƙugiya ta bugi dutse sai ya fara ɓantarewa. Akwai wata illar da ba kowa ya lura da ita ba: idan ka soka tsutsar roba mai laushi, wadda ake yaudarar kifi da ita, a jikinsa ka bar su tare a akwati, man da ke cikin robar yakan narka shi ya yi danƙo.

Garin fenti kuwa, irin su Pro-Tec, narka shi ake yi ya lulluɓe kan. Ka riƙe ƙugiyar da filaya, ka ɗumama dalmar na 'yan daƙiƙoƙi, ka tsoma cikin garin ka fizge nan take. In ta fito tana sheƙi, zafin ya yi daidai. In ta fito kamar an barbaɗa mata gari, ba ta yi zafi ba, sai ka sake nuna mata wuta. In kuwa ta yi hayaƙi ko ƙuraje, ka wuce gona da iri. Kada ka yi da kyandir, baƙinsa zai ɓata maka launi. Ka riƙa motsa garin kafin kowace tsomawa, don in ya daskare a gwangwani sai kan ya kwaso da yawa.

Inda mutane ke yin sakaci shi ne wajen gasa fentin. Fentin da aka tsoma ba a gasa ba, fashewa yake yi. Sai an rataye ƙugiyoyin a ƙaramin tanda, zafi wajen digiri 175 a ma'aunin Celsius, na minti 15 zuwa 20, sannan ya yi tauri. Dalma sai a digiri 327 take narkewa, saboda haka babu fargaba. Amma tun kafin gashi ka sa tsinken sakace ka buɗe idon ƙugiyar, wato inda zare ke shiga. In ka bari ya gasu a toshe, za ka sha wahala, kuma gefen da ka fasa yana iya yanke maka zare. Tandan nan kada ya sake ganin abinci. Abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu izina.

To wanne? In fatsarka a wurin duwatsu ce, ko kana neman tsage, wanda haƙoransa ba sa raga wa komai, garin fenti ya fi, nesa ba kusa ba. Amma ban ce ka zubar da jan farcenka ba, domin garin sai an yi odarsa, gashin kuma yana son wuta tsayayya. Gyara shi za ka yi. Ka goge dalmar da samfefa mai laushi har ta yi haske, don wadda ta daɗe tana yin dusu-dusu, fenti ba ya kama ta. Ka fara shafa fari, ya bushe sarai, sannan launin da kake so; ruwan ɗorawa a kan dalma tsirara dushewa yake yi. Idon ado kuma, irin na kifi da ake yi wa dalmar, kan ƙusa za ka tsoma a baƙi ka ɗiga. Washegari ka rufe da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, domin mai minti 5 ɗin nan bai gama bajewa ba ya daskare, kuma yakan yi rawaya-rawaya daga baya. Ka riƙa jujjuya ƙugiyar har ya kama, in ba haka ba ya taru a gefe guda.

Ni a ganina, wanda ƙugiyoyinsa ke maƙalewa a dutse kullum, jan farcen da aka gyara haka ya wadatar masa, tunda za su ɓace kafin fentin ya gaji. Mai yin da yawa don sayarwa shi ya kamata ya nemi garin.